Kurakuran da aka fi yi wajen karanta nazarin makomar makamashi

Duk shekara hukumar makamashi ta duniya, IEA, mai hedikwata a birnin Paris, tana fitar da babban rahotonta kan makomar makamashi. Duk shekara kuma sai ka ji ana cewa "IEA ta ce nan da 2050 kaza zai faru." Sau da yawa ba ta faɗi haka ba. Abin da ta ce shi ne, idan aka bi hanya kaza, ga inda za a ɓulla. Wannan "idan" ɗin ne ke faɗuwa a hanya tsakanin teburin mai nazari da bakin ɗan siyasa, kuma daga nan yawancin kurakuran suke farawa.

Nazarin gaba iri uku ne, kowane da tambayar da yake amsawa. Akwai mai tambayar me zai faru, wato hasashe. Akwai mai tambayar me zai iya faruwa, inda ake zana taswirori da dama na gaba, masu saɓanin juna, don a ga faɗin abin da ka iya zuwa. Sai na uku, wanda ake fara kafa buri tukuna, a ce ana so a kai matsayi kaza a shekara kaza, sannan a dawo da baya ana lissafin matakan da za su kai can. Babban kuskure shi ne a ɗauko amsar wata tambaya a liƙa wa wata.

Rahoton da IEA ta fitar a watan Mayun 2021 kan kawo ƙarshen ƙarin hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050 na cikin iri na uku. A cikinsa aka ce, a kan wannan hanya, ba a buƙatar buɗe sababbin filayen haƙar mai da gas bayan waɗanda aka riga aka amince da su. Masu murna suka ce an yi hasashen mutuwar man fetur, masu fushi suka ce hukumar ta yi mafarki. Dukansu sun karanta buri a matsayin hasashe. Haka aka yi wa taswirar RCP8.5 da ke cikin rahotannin IPCC, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi: an zana ta ne a matsayin can ƙurya, duniyar da ke ƙona gawayin kwal ninkin-ba-ninkin, amma aka shafe shekaru ana ambatonta kamar ita ce abin da zai faru in ba a yi komai ba. Gyaran ba wuya. Kafin ka kwafi lamba, koma shafin da aka jera sharuɗɗan nazarin, ka gano wace tambaya ake amsawa, sannan ka rubuta lambar tare da sharaɗinta a jimla guda.

Wani kuskuren ya fi wannan wayo, domin masu yin nazarin da kansu ne ke faɗa masa. A zana taswira uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, bambancinsu kawai saurin haɓakar tattalin arziki. Kowa ya san abin da zai biyo baya: shugabanni za su ɗauki ta tsakiya su ce ita ce gaskiya, sauran biyun su zama ado. Ba don haka aka ƙirƙiro wannan dabara ba. Lokacin da Pierre Wack da abokan aikinsa a kamfanin Shell suka yi amfani da ita a farkon shekarun 1970, sun sa manajoji su zauna su yi tunanin duniyar da ƙasashe masu arzikin mai za su riƙe wuyan farashi. Da rikicin mai na 1973 ya zo, ba baƙon tunani ba ne a wurinsu. Taswirori masu amfani suna bambanta ne a dalilai, ba a girman lamba kaɗai ba, kuma aikinsu shi ne a gwada manufa guda a cikin kowace, a ga a ina take karyewa.

Shi kuwa hasashe, cutarsa ita ce miƙa layin jiya zuwa gobe. A zamanin Shugaba Nixon an yi maganar Amurka za ta mallaki tashoshin nukiliya 1,000 kafin shekarar 2000. Da shekarar ta zo, injinan da ke aiki ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Wutar sola ta sha akasin haka. Shekara bayan shekara manyan rahotanni suna raina yawan farantan da za a kafa, alhali kuɗin samar da wutar a manyan tashoshi ya faɗi da kusan kashi 85 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Duk nazarin da bai nuna abin da zai faru in farashin wata fasaha ya rushe, ko ya ƙi sauka ba, bai gama aikinsa ba.

Sai ɓangaren auna yawan makamashin da za a iya samu, kuma a nan gizo ke saƙa. Adadin hawa-hawa ne. Na farko shi ne abin da Allah ya hore: duk hasken da ke sauka, duk iskar da ke kaɗawa. A cire garuruwa, gonaki, dazuzzukan da aka killace da tsaunuka, ya rage filin da za a iya amfani da shi. A cire abin da na'ura ba za ta iya kamawa ba. Tun 1919 masanin kimiyya ɗan Jamus Albert Betz ya nuna cewa injin iska ba zai taɓa tatsar fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ke ratsa shi ba. Sannan a cire abin da ba zai biya kuɗinsa ba, a ƙarshe a cire wanda rashin layin wuta, izini ko yardar jama'a zai tare. Mai neman kuɗin aiki yakan ambaci hawa na farko, mai adawa ya ambaci na ƙarshe, kowa na cewa shi ke da gaskiya. Shirin Desertec da aka ƙaddamar a 2009 don kai wutar hamadar Sahara zuwa Turai bai rasa rana ba ko kaɗan, amma zuwa 2014 yawancin kamfanonin da ke ciki sun janye. Abin da ya gagara yana can hawa na ƙarshe: layuka, kuɗi, siyasa.

Ga wani ƙaramin lissafi da ke kayar da manya. Tashar sola mai megawat 100 ba ta ba da megawat 100 dare da rana. Shekara tana da awa 8,760. Da za ta yi aiki cif ba tsayawa, za ta ba da megawat-awa 876,000. A wuri mai rana sosai, inda take kaiwa kashi 20 na wannan, abin da za a samu 175,200 ne. A Jamus kuwa kusan rabin haka. Iska ta fi haka tsauri, domin ƙarfinta yana bin gudunta sau uku a jere, wato gudu sau gudu sau gudu: in ka yi kuskuren kashi 10 wajen auna gudun iska, lissafin ƙarfin zai kauce da kusan kashi 33. Shi ya sa ba a gina tasha da taswirar iska ta ƙasa baki ɗaya; sai an kafa sandar awo a wurin, an bar ta aƙalla shekara guda.

Jimillar shekara ma tana ruɗi. Ƙasa na iya samar da isasshiyar wuta a lissafin wata goma sha biyu, amma ta rasa ta a mako guda na hunturu da babu rana babu iska. Nemi nazarin da ya bi awa-awa. Ka kuma duba ko an ƙirga fili guda sau biyu, an ba shi ga farantan sola a babi na uku, an sake ba shi ga amfanin gonar da za a tace mai daga gare shi a babi na biyar.

Kuɗin ruwa shi ne lambar da aka fi ɓoyewa a ƙasan shafi. Tashar sola da ta iska kusan duk kuɗinsu ana kashe shi ne ranar gini, tashar gas kuwa tana cin nata a hankali wajen sayen gas. Don haka aikin da ya yi riba a kan ruwan kashi 4 yana iya zama asara a kan kashi 12, alhali ba a taɓa ko waya ɗaya ba. In aka kawo maka adadin abin da "zai biya kuɗinsa", ka tambayi ruwan da aka yi lissafi da shi da shekarar da aka ɗauko farashin kayan, ka kuma nemi a sake lissafin da ruwan da bankunan ƙasar suke bayarwa a zahiri.