Dambun zogala idan baƙi sun sauka

Mu nan Damagaram in dangi suka zo daga ƙauye ba shiri, dambu ne ke fidda ni kunya wallahi. Rabin tiya na tsakin masara ya ishi mutum 6, a kasuwar Dole ma ana samun shi a ɓarje.

Ki wanke tsakin ki tsane shi sosai, ki zuba a madambaci, ki liƙe bakin tukunya da tsumma mai tsabta kar tururi ya gudu, kamar minti 20. Kafin nan ki gyara zogala, ɗanya ta fi daɗi amma busassa ma ta yi, sai dai a jiƙa ta tukuna. Ki sauke ki juye a tasa ki murje da hannu kina yayyafa ruwa kaɗan kaɗan, nan fa ake ɓata dambu, in ruwa ya yi yawa ya caɓe ya koma tuwo, ni sau biyu yana yi min haka gaban uwar mijina! Sai ki haɗa da zogala, albasa, tattasai, gishiri da magi, ki mayar wuta har ganyen ya yi laushi.

Man gyaɗa ki soya shi da albasa kafin ki zuba, a barbaɗa ƙuli da yaji a kai.