Yadda Ake Mayar da Kalaman Italiyanci na Yau da Kullum Zuwa Turanci

Ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Idi-Araba yana shigo da takalma ko tayil daga Italiya yakan sami saƙo da Italiyanci, alhali wakilin da zai fitar masa da kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa Turanci yake karantawa. Kafin a tura masa fassara, a fara tantance kalmomin da suka yi kama da Turanci, domin su ne suka fi yaudara. “Firma” ba kamfani ba ne, sa hannu ne, don haka “signature” za a rubuta. “Magazzino” ɗakin ajiyar kaya ne, wato “warehouse”, ba mujalla ba. “Fattura” ita ce “invoice”, “fabbrica” ita ce “factory”, amma “fattoria” gona ce. Wadda ta fi haɗari a ganina ita ce “eventualmente”, domin idan mai kaya ya rubuta ta yana nufin “idan hali ya yi”, wanda kuwa ya mayar da ita “eventually” ya ɗora wa mutum alkawarin da bai ɗauka ba. “Possibly” ko “if necessary” ya dace.

A lura da lambobi kuma, domin Italiyawa suna sa ɗigo inda Turanci ke sa waƙafi, saboda haka 1.500,50 a takardarsu 1,500.50 ne.

Daga nan sai a dubi yanayin da aka yi maganar. “Prego” bayan godiya “you’re welcome” ne, a bakin ƙofa “come in”, idan kuma ana miƙa wa baƙo kujera “please, sit down”. “In bocca al lupo” a zahiri “cikin bakin kyarkeci” ne, amma fatan alheri ne ga mai fuskantar jarrabawa ko neman biza, saboda haka “good luck” ya wadatar. Haka “non vedo l’ora” ɗoki ne, wato “I can’t wait”, ba ƙorafin rashin agogo ba.

“Ciao” gaisuwar sabo ce, ta haɗuwa da ta rabuwa. Italiyanci yana bambanta “tu” na aboki da “Lei” na girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba “ku”, amma Turanci “you” kaɗai gare shi. Idan wasiƙa ta zo da “Lei”, sai a nuna ladabin da “Dear Sir” ko “could you please”.