Darasi: Uwar bakwaini a ɗakin kwalba

Wannan darasin na wadda Allah ya ba bakwaini ne, da wadda ɗiyarta ko ƙanwarta ko maƙwabciyarta ke zaman jinyar jariri a asibiti. A karanta a hankali, in akwai mai waya a aji ta ɗauki muryar malama ta tura ma wadda bata samu zuwa ba.

Cikakken ciki wajen sati 40 ne. Duk jaririn da ya fito kafin sati 37 to bakwaini ne a wurin likita, ko watansa bakwai ko takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin goma, kin ga kenan ba kanki farau ba 'yar uwa. Hawan jini na ciki yana jawo haihuwar bakwaini, zazzabin cizon sauro, cuta a mafitsara ko mahaifa, tagwaye, haihuwa kusa da kusa, ɗaukar ciki da ƙananan shekaru, wani lokacin kuma likita zai duba ya rasa dalili. Dan Allah ki bar zama kina tuhumar kanki wai don kin yi daka ne ko kin ɗauko ruwa. Maganar nan da wasu tsofaffi ke yi wai ɗan wata takwas baya rayuwa sai ɗan bakwai, ki ajiye ta gefe, duk satin da yaro ya ƙara a ciki ƙarfi ne ya ƙaru mashi.

Abin da za ki gani a ɗakin

Ko a asibitin Turai Yar'adua aka kwantar da ku, ko asibitin koyarwa na tarayya nan Katsina, ko daga Daura aka turo ku, ranar farko gaban kowace uwa faɗuwa yake, ga wayoyi ga robobi ga na'ura tana ƙara ga ɗan naki tsirara sai famfas. Kwalbar, wato akwatin da ake kwantar da shi a ciki, ɗumi take bashi, saboda fatarsa siririya ce kuma bashi da kitsen da zai riƙe zafin jiki. Robar da ke bakin hancinsa iska ce, huhunsa bai gama ƙwari ba. Wata siririyar robar da ta shiga ta hanci ko baki har ciki ta nono ce, don bakwaini baya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai ya kai kamar sati 34. Shuɗiyar fitila ta maganin ciwon shawara ce, shi ya sa ake rufe mashi ido. Ɗan abin da ke ƙafarsa mai jan haske yana auna iskar da ke jininsa, sau da yawa motsi kawai zai yi ya goce na'urar ta hau ƙara, ki kira nas ta duba amma kar ki fasa kuka tukuna.

Kafin ki taɓa shi ki cire zobe da awarwaro, ki wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ki yanke farce. Kullum, duk shiga.

Nono

Nan ne aikinki ya fara, kuma babu likitan da zai yi maki shi. Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa wanda a wasu gidajen ake matsewa a zubar wai baya da kyau, wallahi shi ne maganin farko na jariri, yana kare hanjinsa daga cuta, hanjin bakwaini kuwa abu kaɗan ke lalata shi. Ki fara tatsa tun ranar da kika haihu in jikinki ya yarda, ko ɗigo uku kika samu nas zata zuƙe a sirinji ta bashi, kar ki ji kunyar kaɗan ne don cikinsa ma ɗan mitsitsi ne.

Ki samu kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa. Ki ɗora babban yatsa a saman baƙin da ya zagaye kan nono, manuniya a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki, kina zagayawa, ban da jan kan nonon don ciwo kawai zai yi maki. Duk awa 3 ki tatsa har da dare, sau 8 kenan a kwana ɗaya, ko yaro bai fara sha da yawa ba, saboda nono in ba a cire shi yana ɗaukewa ne, ranar da yaro zai buƙace shi sai a tarar babu. In babu firji kar wanda aka tatsa ya wuce awa 4, a zafin bazara ma gara a bashi da wuri. Zama kusa da kwalbar kina kallonsa yana sa nonon ya sauko.

Ban da nono kar ki bari a ɗiga mashi komai a ɓoye, ruwa ko zuma ko jiƙo ko man shanu. Masu kawowa da zuciya ɗaya suke kawowa, amma zai iya shaƙewa ya tafi huhu. Rubutu in an kawo ke ki sha, addu'a kuma a tofa daga nesa.

Goyon ƙirji

A shekarar 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya ga jarirai sun fi kwalabe yawa sai ya fara ɗora su a ƙirjin iyayensu, shi ne ake kira goyon kangaru, sunan wata dabba mai goyon ɗanta a jakar da ke gabanta. An yi wani babban gwaji a ƙasashe 5, Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya a Ile-Ife, aka fitar da sakamako a 2021 cewa fara wannan goyon nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa farawa da wuri, awa 8 zuwa 24 a rana, sai dai yaron da jikinsa ya yi tsanani ƙwarai.

Mu da muka iya goyo tun muna yara wannan ba zai gagare mu ba, gaba ne kawai ya koma. Yaro da hula da safa da famfas kaɗai, ki kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanki fata na taɓa fata, kansa ya juya gefe ɗaya, haɓarsa ta ɗan ɗago don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu a lanƙwashe kamar na kwaɗo. Ki ɗaure da zani, bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, kar ki matse cikinsa, sai ki sa riga mai buɗewa ta gaba ki yafa mayafi, amma fuskarsa a buɗe kina ganinta. In za ki yi barci ki jingina, ban da kwanciya flat. In kin gaji ko za ki kewaya, babansa zai iya karɓa, kakarsa ma haka, ba abin kunya bane. Ki tambayi nas da bakinki, Sista yaushe zan fara goyon ƙirji? Kar ki jira sai an tuna da ke.

Lambobi uku

Ga inda karatunmu na aji zai yi maki rana. Ki sayi ɗan littafi da biro, kowace safiya ki rubuta kwanan wata da lambobi uku.

Na farko awo. Kilo ɗaya giram 1000 ne, in sikeli ya nuna 1.40 yau, bayan kwana biyu ya nuna 1.44, ya ƙara giram 40 kenan. Satin farko jarirai raguwa suke kafin su fara hawa, wajen sati biyu suke komawa nauyin haihuwa, kar wannan ya tayar maki da hankali. Na biyu zafin jiki, daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5, ƙasa da haka sanyi ya kama shi. Na uku mil nawa na nono ake bashi a kowane ci, yana rubuce a jikin sirinji, ki ce nas ta nuna maki layin.

Amfanin littafin shi ne ranar da zuciyarki ta karye kika ga kamar ba a ci gaba, sai ki buɗe ki ga satin da ya wuce mil 5 yake sha yau yana shan 12. In likita ya zo zagaye kuma kina da abin tambaya a rubuce. In sun yi Turanci a kanki ki ce Likita dan Allah a faɗa mani da Hausa, haƙƙinki ne.

Ke kanki

Mai jego ce ke, ga ciwon haihuwa ko ɗinkin tiyata, ga kwana kan tabarma, ga kuɗi na fita, ga yara a gida. Ki ci abinci ki sha ruwa sosai, ki sha maganin ƙarin jinin da aka baki, in hawan jini ya sa kika haihu da wuri a ci gaba da auna ki kuma ki ja baya da kunun kanwa. Kuka ba rashin tawakkali bane. Amma in kwanaki suna wucewa baki barci baki cin abinci, ko kina jin baki son zuwa wurin yaron, ki faɗa ma nas, ciwo ne da ake magani. Ki kama matan da kika tarar a ɗakin, wadda ta riga ki da sati uku ta san abubuwan da baki sani ba.

Maganar suna, ranar bakwai maigida zai iya raɗa suna a yanka rago yaro na asibiti, taron mata ya jira. Aski da cire beli kam a'a, wanzami ya yi haƙuri. Kar kuma a matsa maki ki sa hannu a ɗauke yaro don suna ko don 'yan barka sun gaji da jira, in kuɗi ne suka yanke a je a yi magana da likita da ofishin walwala na asibitin kafin a yanke shawara.

Bayan sallama

Goyon ƙirji ya ci gaba a gida, musamman da hunturu. Kar a kunna gawayi a rufe ɗaki, hayaƙin yana kisa. Kar a sa kafur cikin kayansa, yana tayar da shawara ga wasu jarirai. Mai mura ko tari ya gaida ku daga ƙofa. Rigakafi da ranakun awo kar a tsallake, in an ce a kai shi duba ido a kai. Wajen zama da rarrafe ki riƙa cire satuttukan da ya rage a ciki, wanda ya zo da saura wata 2, in ya kai wata 6 ki auna shi da ɗan wata 4.

Ki koma asibiti a take ko tsakar dare ne in ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashi na sauri ko yana tsayawa, ko haƙarƙari na shiga ciki, ko jijjiga, ko tafin hannu da ƙafa sun yi ruwan ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko ya saki jiki baya motsi.

Aikin aji

Kowa ta ja layi huɗu a littafinta ta rubuta a sama: rana, awo, zafi, nono. Malama zata faɗi lambobi ku cike. Sai ku amsa, jariri ya tashi daga 1.55 zuwa 1.62, giram nawa ya ƙara? An auna zafinsa 36.1, me za ki yi? In kin tatsa ƙarfe 6 na safe, ƙarfe nawa za ki sake? Mako mai zuwa kowa ta zo da zani da 'yar tsana, bibbiyu za ku gwada ɗaurin goyon ƙirji.