Sayen gidan haya na farko a Yamai da yadda ake gyara shi

Dillali zai fara nuna maka fenti da ƙyauren ƙarfe mai sheƙi. Ka bar shi ya gama, sannan ka ce ya kawo takarda. A gidan haya na tsakar gida ɗaya, mai ƙofa huɗu zuwa takwas, abin da ke cinye kuɗin mai saye abu biyu ne, takarda da ruwa, kuma a kansu za mu fi daɗewa.

Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ake rajistarta a ofishin kula da filaye na ma'aikatar haraji. Bayanta sai akt da sesiyon, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka unguwa, kuma gidaje da yawa na Yamai ita kaɗai suke da ita. Shaidar mallakar gargajiya ta gona ce da ba a yanka ba. Kada ka sayi gidan haya a kanta. Ka ɗauki lambar ilo, wato rukunin filayen da gidan yake ciki, da lambar filin da ke jikin takardar, ka je da kanka ofishin filaye na magajin gari a duba rajista, a tabbatar sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa. Ana samun fili ɗaya da takarda biyu. In titir ce, a duba ko banki ya riƙe ta jingina. Sannan ka biya mai awon fili ya nemo bornoni huɗu, wato alamomin iyakar fili, domin tsofaffin gidaje sukan ci hanya ko su shiga filin maƙwabci, kuma ranar da aka zo rusau kai za a samu.

Gidajen haya da ake sayarwa da araha galibi na gado ne. Mutum ɗaya ya tsaya gabanka yana cewa shi ne babba bai isa ba. Ka nemi takardar gado daga kotu mai ɗauke da sunayen magada duka, da takardar zaman dangi da ta wakilta wanda zai sa hannu. Ƙanwar da ke aure a Tawa ko ƙanin da ke neman kuɗi a Abijan, in ba a sanar da su ba, suna iya kai ka kotu bayan ka zuba miliyoyi a gyara. Kuɗin ciniki ka biya su gaban notar, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, kada ka miƙa su a zaure ko ta hannun dillali. Kafin nan ka ga rasit na ƙarshe na kamfanin wuta NIGELEC da na kamfanin ruwa NDE, wanda ya gaji SEEN a 2024, da na harajin gida. Bashin da ke kan konta, wato na'urar ƙirga wuta ko ruwa, wanda ke cikin gidan ake yanke wa.

Lokacin duba gida shi ne watan Agusta, washegarin ruwan sama mai yawa. Gidan da ka gani a watan Maris bai gaya maka komai ba. Unguwannin bakin kogi irin su Saga, Lamorde da Kirkisoy sun sha ambaliya a 2020, haka gidajen da ke gefen kwarin Gunti Yena kullum suna cikin haɗari. Amma ko a Bukoki, Wadata ko Talaje akwai wata matsalar: an yi ta zuba jar ƙasa a kan titi shekara da shekaru har titin ya fi tsakar gida tudu. In sai ka sauka taki ɗaya kafin ka shiga gidan, to ruwan unguwa ma nan yake sauka. Maganinsa ciko ne da ɗaga daɓen kowane ɗaki da ƙofofinsa, wani lokaci har da rufi. Ka cire kuɗin wannan aiki daga farashi tun wurin ciniki.

Ka ƙwanƙwasa bango da mabuɗi. Gidaje da yawa da ake cewa na siminti ne, laka ce aka shafe da siminti. Siminti ba ya kama laka, shi ya sa za ka ji wurin yana amsawa kamar ganga. Irin wannan gida ana iya zama cikinsa, amma farashinsa bai kamata ya wuce na fili da kaɗan ba, kuma ba a ɗora masa bene. In za a sake shafe shi, a kankare tsohon, a kafa ragar waya da ƙusoshi, sannan a yi sabon shafe. Tsagewa siririya kamar gashi ta shafe ce kawai. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, har tsabar dala ashirin ke shiga cikinta, tushe ne ke zama, kuma sau da yawa ramin salga ne ko famfo mai yoyo a kusa ya jiƙa ƙasar. Farin gishiri da fentin da ke kumbura a gindin bango su ma alamar danshi ne daga ƙasa. Sabon fenti ba ya wuce damina ɗaya a kansu.

Lissafin ba shi da wuya. A ce gida ne mai ɗaki da falo huɗu, kowane jika 40 (sefa dubu 40) a wata, da ɗaki guda-guda biyu a jika 20. Jika 200 ke nan a wata. Kada ka ninka da 12, ninka da 10, domin wata biyun za su tafi a ɗakin da ya zauna babu kowa, da ɗan hayar da ya makara, da kwasar salga, da haraji. Miliyan 2 a shekara. In saye da notar da ladan dillali da gyara sun kai miliyan 24, shekara 12 za ka jira kuɗinka. Waɗannan alƙaluma misali ne; kuɗin hayar unguwar ka tambayi ƴan hayar gidajen da ke kewaye, kada ka tambayi dillali. Kuma kan abin da magini ya ƙiyasta ka ƙara kashi 20 cikin ɗari, tsohon gida sai an fasa ake sanin cikinsa.

Gyara ana fara shi bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba, kuma daga sama ake farowa. A hau rufi a duba kwano: wanda ya yi tsatsa a wurin ƙusa a canza shi, a tabbatar an ɗaure shi da ƙarfe cikin bango, domin iskar farkon damina ta Yamai da kwanon da aka danne da bulo kawai take farawa. In rufin kankare ne, a share indararo, a gyara gangaren yadda ruwa ba zai kwanta ba. Silin na katako da gara ta ci a sauke shi gaba ɗaya, a sa magani kafin a mayar da sabo.

Daga nan sai makewayi, wanda shi ne ke kawo faɗa a gidan haya fiye da komai. Iyali shida ba sa zama lafiya a kan salga ɗaya. Ka yi ƙoƙari kowace ƙofa biyu su sami tasu. Ramin salga dabam, ramin ruwan wanka dabam, in aka haɗa su ramin na cika cikin watanni. A nisanta su da bango gwargwadon yadda fili ya bari, kuma murfin ya kasance inda tiyon motar kwasa zai kai daga titi. Bututun salga mai faɗin milimita 100 ne, na wanka 63, da gangaren santimita 2 a kowace mita. In gangaren ya gaza haka, toshewa ba ta ƙarewa.

Wuta kuwa, tsohuwar wayar da aka yi ta ɗaure-ɗaure da salatif a zare ta. Waya mai lambar kauri 1,5 ta fitila da fanka ce, 2,5 ta soket, mai sanyaya ɗaki kuma a ja masa layinsa shi kaɗai da waya 4. Kowace ƙofa ta sami abin yanke wutarta. In da hali, kowa da kontarsa ta NIGELEC mai kati. In babu, a sa ƙananan kontoci bayan babbar. Dalilin ba rigimar rabon kuɗi kaɗai ba ne. Wuta da ruwa duka hawa-hawa ake lissafinsu, saboda haka gida shida a kan konta ɗaya suna faɗawa cikin farashi mai tsada ko da kowannensu kaɗan ya sha.

Kayan aiki ka saye su da kanka, a kasuwar Katako ko wurin ƴan siminti na unguwa, magini kuma ka biya shi mataki-mataki bayan ka ga aikin. Buhun siminti kilo 50 ne, tan ɗaya buhu 20. Na shafe, buhu ɗaya baro biyu da rabi na yashi. Na kankare, buhu ɗaya, yashi baro ɗaya, tsakuwa baro biyu. Bulo mai kaurin santimita 15, kada buhu ɗaya ya wuce bulo 35. Masu bugawa sukan ja shi har 50, irinsa ne ke marmashewa a hannu. Duk abin da aka zuba a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, balle a zafin Afirilu ko cikin hunturu da iska ke busar da shafe kafin ya kama. Karo, wato tayil na daɓe, mai santsi ba na gidan haya ba ne, a sa mai kaushi a makewayi. Fentin mai daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗa, na ruwa daga nan zuwa sama.

In ka tarar da mutane a ciki, ka zauna da su kafin a sa hannu, ka ji nawa kowa ke biya da kuɗin ajiyar da ya ba tsohon mai gida, a rubuta, a cire su daga kuɗin ciniki, tunda kai za su tambaya ranar tashi. Ba sai an fitar da kowa ba: a gyara ƙofa biyu, a matsar da mutane ciki, a kama biyu na gaba, haya na shigowa aiki na tafiya. Kowane ɗan haya a yi masa takarda, ko shafi ɗaya ne, mai faɗin kuɗin wata, ranar biya, wanda ke biyan kwasar salga da shara, da halin da ɗakin ke ciki ranar da ya karɓi mabuɗi.