Yadda Ake Gano Inda Taya Ke Guga Bayan An Sa Wa Mota Sabon Rim

Mutum ya je kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja ya zaɓo rim huɗu masu sheƙi, an ɗaura, mota ta fito fes. Kafin ya kai shataletale na farko sai ya ji wani "ƙirrr" daga ƙafar gaba. Yana komawa gareji, abin da zai fara ji shi ne, "Oga, ai sai a ɗan yanke robar nan kawai." Kada ka yarda a taɓa wuƙa ko guduma tukuna. Taya tana iya guga a wurare da dama, kuma maganin wani wurin shi ke ƙara ɓata wani. Sai an san wurin ake gyara.

Abu na farko, kashe rediyo, sauke gilas, ka saurari lokacin da ƙarar ke zuwa. In sai ka murɗa sitiyari ya ƙure kake jin ta, kamar wajen yin ribas ko juyawa a lungu, akasari tayar gaba ce ke shafar robar cikin madgad. In kuma sai ka hau tudun rage gudu, ko ka faɗa rami, ko an cika kujerar baya da mutane, to kafaɗar tayar ce ke cin bakin fenda daga sama, lokacin da mota ta dusa. Akwai ta uku: "ƙas-ƙas-ƙas" da ke ƙara sauri in ka ƙara gudu, ko a miƙaƙƙen titi irin na Kubwa. Wannan ba taya ba ce galibi. Ɗan ƙarfen balansin da aka manna a cikin rim ne ke dukan kan birki (ƙarfen da ke matse faifan birki), ko kuma hannayen rim ɗin da kansu.

Daga nan sai a nemi tabo. Faka motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ja birkin hannu, ka ƙure sitiyari hagu, ka leƙa da tocila, sannan ka ƙure shi dama. Ka bar motar a ƙasa da nauyinta. Nan ne yaran gareji da yawa ke ɓata lokaci: su ɗaga mota da jak, taya ta sauko ta yi lilo, su juya ta da hannu su ce babu abin da take taɓawa. Ai dole, tunda an raba ta da abin da take guga. Abin da kake nema shi ne wurin da ya yi sumul a jikin baƙar robar alhali kewayensa duk ƙura ce, ko fentin da ya goge a leɓen fenda, ko wani layi mai ƙyalli a jikin shok. Shafa hannu a gefen tayar, ciki da waje. In ta daɗe tana guga za ka ji zagayayyen kurji, wani lokaci har da garin roba a yatsa.

Idan ido bai nuna ba, alli zai nuna. Goga allin makaranta da kauri a kafaɗar tayar da gefenta na ciki, ka manna farin salatif na takarda a leɓen fenda da jikin robar. Zuba mutum uku a baya, ko buhun shinkafa biyu a but, ka zaga unguwa: ka sha kwana biyu sitiyari a ƙure, gaba da ribas, ka hau tudu a hankali a karkace. Da ka dawo, inda allin ya goge da inda salatif ya yage sun gama ba ka labari. Da damina sai ka jira ƙasa ta bushe, ruwa zai wanke shaidar.

Yanzu sai lissafi, kuma a nan gaskiyar magana take. Sa a ciro rim ɗaya, ka duba bayansa. Za ka ga an buga wani abu kamar 7.5J da ET35. Na farkon faɗin rim ne a inci. ET kuwa tazara ce a milimita tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke zama a jikin hob, wato inda ake ɗaure rim da kusoshi. Ƙaramar lamba tana turo taya waje, wajen fenda. Babba tana shigar da ita ciki, wajen shok. A ce tsohon rim ɗinka 6.5J ET45 ne, sabon kuma 7.5J ET35. Ƙarin inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabinsa ciki rabinsa waje, wato 12.7 kowane gefe. Ragin ET ya ƙara turo shi waje da milimita 10. Ka ga bakin waje ya fito da kusan milimita 23, na ciki kuwa ya matsa da abin da bai kai 3 ba. Irin wannan motar fenda za ta ci, babu ruwanta da shok. Mai shago zai ce maka "ai ramuka biyar ne, ya shiga daidai." Shigar kusoshi daban, zaman taya daban.

Sai tayar kanta. Corolla da yawa suna zuwa da taya mai lamba 205/55R16 (lambar girmanta da ke rubuce a gefenta), tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 632. Wanda ya koma rim mai inci 17 ya sa 225/45R17 ya samu 634, kusan babu bambanci. Amma saboda tsoron ramuka, ko don ita ce ta samu da araha a cikin tayoyin Beljiyam (na hannu), mutane kan ɗauki 225/50R17. Wannan ta kai 657, ta fi ta asali da milimita 25, kusan kashi 4 cikin ɗari. Masu sana'ar suna ƙoƙarin kada bambancin ya wuce kashi 3. Ban da guga, allurar gudu ma za ta riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. A ganina rabin ƙorafin da ake ɗora wa rim laifin taya ne.

In gefe ɗaya na motar kaɗai ke guga, hagu ko dama, ka daina zargin rim. Duba ko maɓallan da ke riƙe robar madgad sun zube ta saki, abin da ba ya wuya a motar da ta taɓa shiga hannun fanabita. Duba ko sifirin ya kwanta, ko shok yana zubar da mai, ko wani ƙarfen ƙafa ya lanƙwashe tun wani tsohon rami. Auna da tef daga tsakiyar rim zuwa bakin fenda hagu da dama, ka gwada. Daga nan a kai ta alaimen.

Gyaran ya danganta da abin da ka gani. Ɗan shafar roba a ƙurewar sitiyari, a ɗaure ta da sababbin maɓallai, ko a ɗumama ta a tura ta baya. Guga ta ciki 'yar kaɗan, sifesa (faifan da ake sawa tsakanin rim da hob) mai milimita 3 zuwa 5 kan isa, muddin noti zai samu zaren kamawa sosai. Amma ka sani duk abin da ka samu a ciki ka rasa shi a waje. Cin fenda kuwa, rage faɗin taya ko tsayinta ya fi a nannaɗe leɓen ƙarfe, don fenti na tsagewa tsatsa ta shiga. In ET ɗin ne ya yi nisa, mayar da rim ɗin tun bai yi tabo ba.

Abu biyu ba a ja musu rai. Tayar da ke taɓa tiyon birki ko wayar ABS (na'urar hana taya ƙamewa in an taka birki), motar ba ta barin gareji sai an gyara. Tayar da gefenta ya yanke har zare ya bayyana, ko ta yi ƙulu, mai faci ba shi da abin yi mata, sai canji, balle ga mai shirin hawa hanyar Kaduna ko Lokoja da rana tsaka. Bayan an gama, a ɗaure noti da sifana mai awo, Corolla da Camry 103 Nm suke so, sannan a sake duba ɗaurin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.