Ka sabunta OpenWrt (manhajar da ke tafiyar da rawuta) sai intanet ta ɗauke? Ga inda ake yawan yin kuskure

Abu na farko, daina zagin kamfanin layinka, galibi ba laifinsu ba ne. Ka shiga rawuta ta ssh (hanyar ba ta umarni daga kwamfuta) ka buga ping 8.8.8.8, sannan ka buga ping google.com. In na farkon ya amsa na biyun ya ƙi, to DNS ne, mai fassara sunan shafi zuwa lambar IP, ya lalace. In duka biyun shiru, buga ip neigh ka duba layin getwe ɗinka (na'urar da rawuta ke bi ta fita intanet), in ka ga FAILED ko INCOMPLETE to ARP ne, wato rawutar na ta tambayar wa ke da wannan IP ɗin amma ba wanda ya turo mata MAC, lambar shaidar na'urar. Mutane da yawa nan suke ɓata awa biyu suna sauya DNS alhali ciwon ba can yake ba.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne barin alamar da ke cewa a riƙe tsohon saiti lokacin fulashin, wato ɗora sabuwar siga. Daga sigar OpenWrt 19.07 zuwa 21.02 kanel (zuciyar manhajar) ya tashi daga 4.14 zuwa 5.4, kuma rawutoci masu cip ɗin MT7621 sun bar swconfig, tsohon tsarin sarrafa ramukan waya, sun koma sabon tsarin DSA, to tsohon /etc/config/network naka yana ta kiran eth0.1 da eth0.2 alhali yanzu sunan ramukan lan1, lan2, wan, ka ga kenan fitila na ci, waya a soke, amma firem ɗin ARP ba ya zuwa ko ina. Ni kaina na taɓa kwana a kan wannan har na canza wayar kebul sau uku, wallahi waya lafiyarta ƙalau. Magani: ajiye kwafin tsohon saitin a kwamfuta, yi sysupgrade -n ko firstboot, ka sake rubuta komai da hannu. Kar ka loda bakof ɗin gaba ɗaya, zai dawo maka da cutar.

Bangaren DNS kuwa duba /etc/config/dhcp. Tsohon resolvfile yana nuna /tmp/resolv.conf.auto, sabon wurin kuma /tmp/resolv.conf.d/resolv.conf.auto ne. Gyara shi ka sake tada dnsmasq, mai kula da DNS a rawutar, shi kenan.

Sai masu modem na USB. sysupgrade, umarnin fulashin, ba ya riƙe fakitocin da ka saka da kanka, kmod-usb-net-rndis da ire-irensu duk sun tafi, kuma kmod (direban na'ura) na tsohon kanel ba ya hawa sabo, kar ma ka gwada tilasta shi. Sauke wanda ya dace da sigarka tun kafin ka yi fulashin, in ba haka ba da wace intanet za ka sauke?

Agogo ma, yawancin rawutocin nan ba su da batirin agogo, in an ɗauke wuta lokaci sai ya koma baya, https-dns-proxy, mai ɓoye tambayoyin DNS, ya ƙi satifiket ɗin tsaro saboda kwanan wata bai dace ba. Buga date ka gani tukuna.