Kwaɗon ƙofa mai gane fuska da kyamarorin gida: yadda za ka saka su ba tare da ka kulle kanka a waje ba

Wannan kwaɗon da mutum zai tsaya gabansa ya kalle shi kawai ya ji ya buɗe, yanzu ya wuce abin kallo a bidiyo, ya shigo kasuwa sosai, masu sayar da ƙofofin Turkiyya da na Chana ma har haɗa maka suke yi da shi in kana so. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, gane fuska sauƙin shiga yake kawo maka, ba ya ƙara wa ƙofa ƙarfi ko kaɗan. Ɓarawo ba fuskarka yake nema ba, da rodi yake zuwa ya ɓalle ƙofa ko ya haura katanga, don haka daga ƙofar za ka fara, ba daga kanti ba.

Duba ƙofar da firam ɗinta. In irin ta mai walda ce ta falange mara kauri wadda in ka jingina da ita sai ta lotsa, to gyara ta tukuna ko ka canza, domin yawancin irin waɗannan kwaɗuna suna son ƙofa mai kaurin santimita 4 ko sama da haka, kuma akwai wani ƙarfe da ake nutsawa cikin gefen ƙofar wanda shi ne ainihin mai kullewa, na Chana da yawa samfurin da ake kira 6068 suke zuwa da shi. Ka auna kaurin, ka ɗauki hoton gefen ƙofar da wayarka, ka lura ciki take buɗewa ko waje, dama ko hagu, ka tafi da duk wannan wurin mai kaya. Mutane da yawa sai sun biya kuɗi sun kai gida kafinta ya ce ai ba zai shiga ba.

Sai zaɓen kwaɗon kansa, nan ne ake cutar mutane. Iri biyu ne. Akwai mai kyamara zalla, wanda hoto kawai yake ɗauka ya gwada da wanda ya adana, irin wannan mai arha wani lokaci da hotonka a waya ma ana iya ruɗarsa. Akwai kuma wanda ake rubuta wa 3D, shi yana fesa ɗigo-ɗigon hasken infared da ido ba ya gani a fuskarka ya auna tudu da kwarinta, hanci, goshi, ramin ido, shi ya sa hoto ba ya buɗe shi kuma yana aiki ko cikin duhu. Irin dabarar da Apple ya kawo a iPhone X a 2017 kenan, nasu yana fesa ɗigo sama da 30,000. Amma rubutun kwali ba hujja ba ne. Ka sa mai shago ya yi rajistar fuskarka nan take, ka ɗauki kanka hoto da bidiyo ka nuna wa kwaɗon, in ya buɗe ka ajiye masa kayansa ka kama gabanka. Kuma ko Apple ɗin da kansa ya faɗa cewa tagwaye, da 'yan'uwa masu kama sosai, da yara 'yan ƙasa da shekara 13 sun fi saurin ruɗa na'urar, to gidan da ke da Hassan da Husaini ko ƙanin maigida da suke kamar an tsaga kara, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai maganar launin fata kuma, wadda masu talla ba sa so a tayar. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini, wadda asalin iyayenta Ghana ne, da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni da ke tantance namiji ko mace daga hoto, kuskuren a kan mata baƙaƙen fata ya kai kusan kashi 35 cikin 100, a kan maza farare kuwa bai kai kashi 1 ba. A ƙarshen 2019 hukumar NIST ta Amurka, mai auna ingancin kayan fasaha, ta gwada ɗimbin manhajojin gane fuska ta ga da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani in fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas. Manyan kamfanoni sun inganta tun lokacin, amma kwaɗon da ba shi da ko sunan kamfani a jiki babu mai faɗa maka abin da ke cikinsa, shi ya sa nake ta nanata gwaji, da rana, da magariba, da dare in an ɗauke wuta.

Yanzu ka zauna ka lissafa su wa za su riƙa shiga ta ƙofar nan, domin kai kaɗai ne ka yi sha'awar abin amma gida duka ne zai yi fama da shi. Hijabi ba matsala tunda fuska a buɗe take, niƙabi kuwa ba zai yi ba, kuma ba daidai ba ne a ce uwargida sai ta ɗage niƙabi a bakin titi kafin ta shiga gidanta. Rawani mai amawali ma haka, takunkumi ma haka. Yara ƙanana kyamarar ba ta kaiwa tsayinsu. Sai ka ce to a dangwala yatsa, nan ma Hajiya da Baba zanen yatsunsu ya shafe da shekaru, mai wanki da wanke-wanke hannu a jiƙe, ga lalle, wanda ko JAMB ta sha jan kunnen ɗalibai mata a kansa lokacin rajista. Don haka ka sayi wanda ya haɗa hanyoyi da yawa, fuska da yatsa da lambar sirri da ɗan kati da ake mannawa da kuma makulli na hannu, kowa a ba shi wadda ta dace da shi. Akwai sababbi masu karanta jijiyoyin tafin hannu, ka ɗaga hannu kawai ba taɓawa, ga mai niƙabi wannan ya fi komai, sai dai kuɗinsa ya ɗan ɗara.

To ga babbar magana, wuta. Kwaɗon ƙofar falo ko ta ɗaki da batir yake aiki, galibi na lithium da ake cirewa a yi caji, ba ruwansa da NEPA, amma gane fuska na cin batir fiye da yatsa nesa ba kusa ba, musamman in ƙofar na kallon hanyar da ake yawan wucewa yana ta farkawa yana neman fuska. Yana fara ƙara tun kafin ya mutu, kar a yi biris. In ya mutu ɗin, a ƙasansa ta waje akwai ramin USB, ka jona fawa bank ya farfaɗo ka buɗe. Makullan hannu da suke zuwa da shi kuwa, dan Allah kar ka zuba su a durowar ɗaki, ranar da za ka buƙace su kana waje ne su suna ciki. Ɗaya a mota ko a jaka, ɗaya wurin ɗan'uwan da ka amince da shi.

Na bakin get daban ne, kuma nan aka fi yin ganganci. Yawanci ana saka na'ura mai allo irin ta Hikvision ko ZKTeco ko Dahua a bango, a haɗa ta da abin kullewa mai wutar bolt 12. Ka tambayi mai haɗawa wane iri zai saka maka. In na maganaɗisu ne, wuta ce ke riƙe shi, da an ɗauke wuta sai ya saki, wato duk sanda NEPA suka yi halinsu get ɗinka a buɗe yake. An ƙera shi haka ne da gangan don ofisoshi, saboda in gobara ta tashi mutane su samu fita. A gida dole a haɗa shi da akwatin wuta mai batir na ko-ta-kwana, irin ɗan batir ɗin nan mai 12V 7Ah, ko a ɗora shi kan inbata, ko kuma ka zaɓi irin wanda ke zama a kulle in babu wuta. Wanda ke zama a kulle kuma sharaɗinsa ta ciki ya kasance ana buɗe shi da hannu ba tare da wuta ko lamba ba, yaro ma ya iya, gidajenmu da tagogi duk an yi musu rodi ba wurin wasa da hanyar fita ba ne. Ƙarin abu ɗaya da za ka ce masa, wayoyin da ke buɗe get kar su kasance a bayan na'urar da ke waje, inda wani zai kwance noti ya haɗa waya biyu ya shige, a saka abin da ke ba da umarnin buɗewa ta ciki, a kunna ƙararrawar da ke kuka in an ɓalle na'urar daga bango.

An gama haɗawa, sai saiti, kuma wannan da hannunka za ka yi. Mutum na farko da aka yi wa rajista shi ne admin, shi ke ƙara mutane ya cire. Masu haɗawa sukan saka nasu yatsan ko su buɗe akawun da lambarsu don gwaji, wasu mantuwa ce, wasu kuma Allah masani. Bayan ya gama ka sa ya mai da na'urar yadda ta fito daga kamfani a gabanka, ka sauke manhajar, yawancin na kasuwa Tuya ko Smart Life ko TTLock suke amfani da su, ka buɗe akawun da imel ɗinka ko layinka, ka kunna tantancewa mai mataki biyu in akwai. Lambar sirrin da na'urar ta zo da ita irin su 123456 ka canza nan take, kyamarori ma haka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rikodoji a duniya, ba wata gwaninta ba ce, kalmomin sirrin kamfani da mutane ba su canza ba kawai take gwadawa. In na'urarka ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi, kusan kullum dalili ɗaya ne, yawancinsu zangon Wi-Fi na 2.4GHz kawai suke kamawa, rautarka ko MiFi na kan 5GHz.

Wajen rajistar fuska kowa ya tsaya yadda ya saba tsayawa, mai tabarau ya yi da shi ya sake yi babu shi, mai hula haka, a rubuta sunan kowa a kan nasa don in ka duba tarihin shiga ka san wa ya shiga ƙarfe nawa. 'Yar aiki, direba, mai gyaran famfo, baƙon da zai kwana biyu, kar a ba su lambar gida, a yi musu lamba mai wa'adi wadda ke mutuwa da kanta, wanda ya bar aiki kuma a goge shi ranar. Yawancin kwaɗunan suna barin ka danna lambobin banza kafin da bayan ta gaskiya don mai leƙe ya rikice, koya wa yara wannan. Ka rage nisan da kwaɗon yake hango mutum, in ba haka ba ka fito ka kulle ka juyo kana sallama da wani sai ya ga fuskarka ya sake buɗewa ba ka sani ba.

Kyamara ba sai na ja ba. Ɗaya sama da inda hannu ke kaiwa tana kallon faɗin ƙofar gida, ɗaya ƙasa kusa da tsayin mutum don fuska, tunda ta sama ƙeya da hula kawai take ɗauka. Kar ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta, na'urar gane fuska ma rana kai tsaye na makantar da ita, a yi mata rumfa ko a saka ta cikin zaure. Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, a share yanar gizo-gizo domin da dare ita kaɗai za ka gani fari fat. Ka saita kyamarar a kan gane mutum ba motsi ba, in ba haka ba akuya da kaza za su cika maka waya har ka kashe sanarwar gaba ɗaya. Memori a saka mai jure rubutu dare da rana, rikoda kuma, wato na'urar da ke adana bidiyon, a ɓoye ta, ba a ƙarƙashin talabijin ba. Inda babu wuta ko Wi-Fi akwai mai sola da sim, sai dai ka tuna da datarta.

Inda ba zan ba ka shawarar saka kyamara ba shi ne ɗakin kwana da duk inda mata ke sakewa ba mayafi. A 2023 kamfanin kyamarorin gida na Ring, mallakar Amazon, ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayen kaya, ta zarge shi da barin ma'aikata suna kallon bidiyon kwastomomi, har da na ɗakunan kwanan mata. Duk abin da ke hawa intanet akwai yiwuwar wani ido ya gani. Ta saman katanga kuma a karkatar da ita kar ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, manhajojin da yawa suna da inda ake baƙanta wani ɓangare na hoton. Maigadi da 'yar aiki a faɗa musu kafin a ɗauki fuskarsu, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta saka irin waɗannan bayanan jiki cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Kafin ka ba mai haɗawa cikon kuɗinsa, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya har da inbata, ka kashe rauta, ka zare batir ɗin kwaɗon, sannan ka ce kowa ya fita ya dawo, har Hajiya da ƙaramin cikin yara. Duk wanda ya maƙale a ciki ko a waje, a gyara masa hanyarsa tun mai aikin bai tafi ba.